Shekarar yaro guda: yadda muke ɗaukar nauyin lafiya da karatun marayu a Sakkwato

Makarantun gwamnati a Sakkwato a watan Satumba suke buɗe sabuwar shekara, amma mu 'yan kwamitin unguwa da ke ɗawainiya da marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi tun Yuli muke ɗaura ɗamara. Wanda ya jira sai an kaɗa ƙararrawa sannan ya fara neman yara zai tarar tela ya cika da ɗinki, damina ta kwantar da yaran da zazzaɓi, aji kuma ya cika maƙil.

Kafin a rubuta sunan yaro ko ɗaya, sai an zauna an yi lissafi. Ƙa'idarmu ita ce ba a ɗaukar yaro sai kuɗin shekararsa duka suna ƙasa. Cikin azumi hannun mutane a sake yake, kowa alkawari yake yi. Ana gama Babbar Sallah sai ka ga wayar da ake ɗauka a bugu ɗaya ta koma sai an yi ta kira. Gara yara ashirin da za a kai ƙarshen zango na uku da su, da a tara ɗari a watsar da su a Janairu, don yaron da aka saya wa jaka aka yashe ya fi wanda ba a taɓa ba karyewar zuciya. Kuɗin kuma kashi uku muke raba su: na zakka, na sadaka, da ajiyar gaggawa wadda ba a taɓawa sai an kwantar da yaro a asibiti. Mukan ware mata kashi ɗaya cikin biyar.

Raba zakka da sadaka ba iyayi ba ne. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, kuma maraya ba ya cikinsu da sunan maraici. Talaucinsa ne ke shigar da shi. Marayan da uba ya bar wa gona da shanu ba shi da rabo a ciki. Haka kuma ba a sayen man mashin ɗin 'yan kwamiti ko buga fom da ita, ba a gyara aji da ita. Waɗannan duka daga jakar sadaka suke fita. Asusun banki da sunan ƙungiya ake buɗe shi, mutum biyu ne ke sa hannu kafin kwabo ya fita. Banki zai nemi takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda ba ta fitowa sai an buga sanarwa a jaridu an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan zai nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Kuɗin marayu a asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne, kiran zargi ne, ranar da ya faɗi ya mutu kuma sai su shiga lissafin gado.

Sunaye daga wurare huɗu muke karɓa: mai unguwa, liman, ungozoma, da malamai mata na Islamiyya. Kowane jeri da irin nasa karkata. Na mai unguwa ya fi yawan waɗanda suka iya zuwa gaisuwa, na liman ya fi yawan waɗanda aka yi wa uban sallar gawa a masallacinsa. Ungozoma ce ke sanin ɗakin da ke can ƙuryar gida, inda bazawara ke zaune da 'ya'ya huɗu ba ta taɓa roƙon kowa ba. Idan an haɗa, mukan bincika ko akwai waɗanda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ko wata ƙungiya ta riga ta ɗauka, kada gida ɗaya ya ci biyu maƙwabcinsa ya tashi a tutar babu.

Sai ziyara. Mutum biyu ke zuwa, lallai ɗaya mace, don yawancin gidajen ba a shiga. Da hantsi ake zuwa, ba tare da an aika ba. Namijin ya tsaya a zaure da mai gida, macen ta shiga. Abin da take dubawa ba ya cikin fom: an hura wuta yau ko murhun a sanyaye yake, randa a rufe take ko awaki na sa baki, ina yaran ke kwana, akwai gidan sauro a rataye ko an kai shi an kewaye shuka da shi. Ba a tambayar mace ko tana da buƙata, don mai kunya za ta ce "alhamdu lillahi", mai wayo kuma ta zuba kuka. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce, "Inna, daren jiya mi yaran ga sunka ci?" Sai kuma, "Wa ka biyan hayar ɗakin ga?" Amsar waɗannan biyun ta fi shafi uku na rubutu.

Abu biyu ke ɓata aiki tun daga nan. Na farko tsallake waliyyi. Uwa na iya amincewa da murna, amma idan baffan yaron bai sani ba, yana iya zuwa bayan wata biyu ya ce ɗan ɗan'uwansa ba abin sadaka ba ne, ya ɗauke shi ya kai ƙauye ko ya tura shi almajirci. Don haka mukan je har inda yake, a yi masa bayani a gaban mai unguwa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na biyu shi ne maraya da ke hannun riƙo. Ka ba shi sabuwar jaka da takalmi alhali 'ya'yan mai riƙonsa ba su da ko ɗaya, to ka haɗa shi faɗa da gidan da yake ci. Ba a mako biyu jakar ta koma bayan wani. Maganin abin shi ne a sa gidan a lissafi: sabulu, gidan sauro da littattafai su isa kowane yaro da ke ɗakin, ko da sauran ɗawainiyar ta mutum ɗaya ce. Hoto kuwa ba mu ɗauka. Masu bayarwa da yawa sukan nema, mukan nuna musu rasit da rajistar makaranta, mu tuna musu ayar Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron nan zai girma, hoton kuma yana nan a Facebook.

Takardar haihuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, kuma akwai masu rajistarta a asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi. A nan a buɗe ido kan rubutun suna. Yaro ɗaya ya zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar makaranta, Muhammad a katin asibiti, ba wanda zai damu sai ranar da aka zo rajistar jarrabawa da lambar NIN. Suna guda, rubutu guda, ranar haihuwa guda, a kwafe su haka a ko'ina.

Lafiya ce ke gaba da makaranta, don yaro mai tsutsar ciki da ƙarancin jini barci zai yi ta yi a aji a ce daƙiƙi ne. Mukan sa rana guda a gayyato ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a ce kowace uwa ta zo da 'ya'yanta duka har na goye, tare da duk wani kati da take da shi. Ƙannen ne ma suka fi ba da tsoro.

Ga ɗan wata 6 zuwa 59, ma'aunin dantse ake fara sa masa, ɗan zirin nan mai launi uku. A lanƙwasa hannun hagu, a nemi tsakiyar tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a sa alama, a saki hannun ya miƙe, sannan a zagaya ma'aunin ya kwanta a fata, kada a matse kada a bari ya yi sako-sako. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Rawaya, 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, tamowa ta fara kamawa. Ja, ƙasa da 11.5, ta yi tsanani. Kuskuren sababbin masu awo shi ne jan zirin da ƙarfi saboda yaro na fizge-fizge, sai kore ya koma rawaya. Bayan awo a danna bayan ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In ramin ya tsaya a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne ko da dantsen ya nuna kore, kuma irin wannan yaron ne uwa ke cewa ƙiba ya yi.

Mai ja ko kumburi ranar ake kai shi cibiyar tamowa. Can za a gwada ko yana iya cin abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin leda. In ya ci, a ba uwar na mako guda daidai da nauyinsa ta koma gida. In ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi, ko kumburin ya hau har fuska, kwanciya ce. Leda ɗaya giram 92 ce, ba a dama ta da ruwa ko a zuba a kunu. Daga ledar yake ci, a riƙa ba shi ruwa mai tsabta yana kurɓa. Abin da ke hana yaro murmurewa sananne ne. Ledar tana da zaƙi, 'yan'uwansa suna tsaye suna kallo da yunwa, uwa kuwa uwa ce. Wani lokaci kuma a sayar da leda biyu a sayi gero. Ba faɗa muke yi ba. Mukan kai wa gidan hatsin da sauran yaran za su ci a tsawon makonnin, mu ce a adana ledojin da aka shanye a nuna mana, mu kuma biya kuɗin kabukabu na kowane mako, don rashin kuɗin zuwa shi ne ke sa a tsallake ranar awo. Mai rawaya kuma garin kunu ake haɗa masa: mudu shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken a cire ɓawon, a shanya komai ya bushe ƙayau, a soya kowanne daban, sannan a niƙa tare. In ba a bushe da kyau ba garin kan yi tsami ko ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, musamman a Agusta.

Akwai duban da a Sakkwato ba a tsallakewa: bakin yaro. A sa fitilar waya, a ɗaga leɓe, a dubi dasashi. Dasashi mai zubar da jini, miki a gindin haƙori, wari mai ƙarfi, yawan dalalar miyau, ko kumburin kunci ɗaya a yaro ramamme, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, wannan na iya zama farkon noma, wadda mutane ke kira ciwon iska. Ta fi kama 'yan shekara biyu zuwa shida, kuma cikin 'yan kwanaki takan cinye kunci ta huda fuska. A matakin dasashi, maganin ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. Da yake an ɗauke ta aikin iska, sai a ɓata kwanakin nan wajen hayaƙi da shafe-shafe. Asibitin Yara na Noma yana nan cikin garin Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki a ciki tun 2014, magani da tiyata kyauta ne, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Duk wanda muka yi shakkar bakinsa can muke kai shi a ranar, ba gobe ba.

Sauran dubawa da sauri ake yi. Katin rigakafi: an yi na haihuwa, na mako 6, 10 da 14, na wata 9 mai ƙyanda da shawara da sanƙarau, da ƙyanda ta biyu a wata 15? Wanda ya tsallake ba a cewa lokaci ya wuce, a kai shi a ci gaba. Maganin tsutsar ciki, da bitamin A na kowane wata shida ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Makero a kai, ƙazuwa tsakanin yatsu, kunne mai ruwa, idon da ba ya ganin rubutu daga nesa. Yaran da ke zaune kusa da gulbin Rima da fadamu a tambaye su a keɓe ko suna ganin jini a ƙarshen fitsari, don tsargiya ta zama ruwan dare har wasu na ɗaukarta alamar balaga. Yaro mai yawan ciwon gaɓoɓi da ido rawaya a yi masa gwajin sikila. In ta tabbata, lissafinsa daban ne, kuma sai an gaya wa malaminsa kada ya sa shi aikin rana ko ya hana shi fita shan ruwa.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne mai cinye ajiyar gaggawa. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikata kan bi gida-gida kowane wata suna ba 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma a nan ake yin sake: sai ta adana ragowar wai sai yaro ya yi zazzaɓi. Mukan bi gidajenmu a rana ta uku mu ce a nuna mana fankon. Manyan yara ba sa cikin wannan shirin, nasu gidan sauro ne, da gwajin jinin yatsa kafin a sayi magani. In gwaji ya nuna akwai, maganin sau shida ne cikin kwana uku, a cinye shi ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Jijjiga, suma, amayar da duk abin da aka ci, ko kasa shan ruwa ba maganar kemis ba ce; sai babban asibiti, ko tsakar dare ne. Ba mu ba da kuɗin magani a hannu. Mukan yi wa yara rajista a shirin inshorar lafiya na jiha, SOCHEMA, amma a kula da asibitin da aka haɗa katin da shi: in ya yi nisa da gida, katin zai kwana a ƙasan adaka. Ranar da aka ce maganin ya ƙare sai a saya a waje, ɗan kwamiti ne ke zuwa da takardar likita ya saya ya karɓi rasit.

Sai makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole. Duk da haka 'yan ƙananan kuɗaɗe ba sa ƙarewa: na ƙungiyar iyaye da malamai, na jarrabawa, na baje, na tsintsiya. Su ne ke korar ɗan talaka. Mukan zauna da hedimasta tun farko a rubuta su duka na shekara, a biya a karɓi takarda. Makaranta mafi kusa muke zaɓa ko da wata ta fi ta suna, wadda yaro zai taka da ƙafa ba tare da ya tsallaka babban titi ba.

Ajin da za a sa yaro ma abin tunani ne. Ɗan shekara goma da bai taɓa shiga boko ba, in ka zaunar da shi cikin 'yan shekara shida, tsokana za ta kore shi. In ka kai shi aji huɗu ba ya karatu, kunya za ta kore shi. Irin waɗannan mukan haɗa su da malamin yamma na wata uku, karatun Hausa da lissafi kawai. Da yawansu sun yi nisa a makarantar allo, sun san wasali, sun san yadda baƙi ke haɗuwa ya ba da sauti, don haka suna kamawa da wuri fiye da yadda ake zato. A kuma sasanta da malamin allo kan lokaci, kada yaro ya sha bulala a can saboda ya je nan.

Yunifom kala biyu ake ɗinkawa, don mai guda ɗaya ranar wanki ba ya zuwa. Yadi biyu zuwa biyu da rabi kan ishi ɗan firamare riga da wando, mace a ƙara na hijabi. A ce wa tela ya bar lanƙwasa mai faɗi a ƙafar wando, kafin Afrilu za a warware ta. Takalmin roba ya fi na fata jure ruwa da rairayi. A rubuta sunan yaro da alƙalamin da ba ya gogewa a cikin riga da jaka. Littattafan rubutu kuma zango-zango ake bayarwa. Ka ba da na shekara gaba ɗaya, kafin Disamba an ƙunsa ƙosai da rabinsu. Kuɗin tara, wato na abincin hutun safe, ba ma miƙa wa yaro, mai sayar da abinci a bakin makaranta muke biya duk mako da jerin sunaye, wani lokaci mu leƙa ba zato mu ga me ake zubawa.

Maganar 'ya mace ta fi nauyi. Yarinyar da ke tallan fura ko dafaffiyar gyaɗa, cinikinta ne cefanen gidan. Ka kai ta aji ba ka cike wannan gurbin ba, za ta je mako uku ta koma ɗaukar tire, kuma ba laifin uwar ba ne. Mukan tambayi uwar nawa tallan ke kawowa a rana, sannan a nemi abin da zai maye shi daga cikin gida: injin markaɗe, jarin ƙuli-ƙuli, ko mai shago da zai riƙa saye a sari. Daga aji biyar zuwa sama kuma audugar mata da sabulu suna cikin kayan kowane wata, mace ce ke kai su a cikin baƙar leda. Yarinyar da ke fashin kwana uku ko huɗu duk wata ba sai an tambaye ta dalili ba.

Abin da ya rage shi ne sintiri, kuma shi ne ya fi gajiyarwa. Kowane ɗan kwamiti da yaransa, kada su wuce goma. Duk mako biyu ya je ya buɗe rajistar aji da idonsa. Fashin kwana uku a jere, a je gida a ranar. Akwai lokutan da muka san ana zubewa: kaka, in an kwashi yara girbin gero da roron wake; rani, in aikin albasa ya kankama a fadama; da Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, aji ya zama tanda. A wannan lokacin kowane yaro da gorar ruwansa, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a jira da shi. Sakamakon jarrabawa ba ya gamsar da mu, mun sha ganin na biyar a aji da ba ya iya karanta sunan unguwarsu. Littafinsa muke buɗewa mu ga ko jan biro na taɓa shi, sannan a miƙa masa ɗan rubutun Hausa na layi huɗu a ce, "To, Malam, karanta muna."

A Agusta ake rufe littafin shekara, a karanta kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita a gaban masu bayarwa da mai unguwa, rasit na kan tabarma ga mai son dubawa. A zaman ne ake ware 'yan aji shida daban. Ƙaramar sakandare ta fi nisa, yunifom ya canza, littattafai sun ninka, wasu 'yan matan kuma an fara zuwa gaisuwa gidansu. Kuɗin waɗannan ake fara cirewa a ajiye, a kuma sake komawa wurin kowane waliyyi a ji ta bakinsa, kafin a buɗe sabon shafi a rubuta sunan yaro na gaba.